Alamomin Rubutu a Turanci: Yadda Aka Saba Amfani da Su da Kurakuran da Aka Fi Yi

Alamomin rubutu su ne ƙananan alamun da ake sanyawa a tsakanin kalmomi ko a cikinsu domin mai karatu ya san inda magana ta tsaya, inda ta rabu, da abin da ya danganci wani abu. A Turanci waɗanda aka fi amfani da su sun haɗa da aya (.), waƙafi (,), waƙafi mai ruwa (;), ruwa biyu (:), ayar tambaya (?), alamar motsin rai (!), alamar zancen wani (" "), baka biyu ( ), karan ɗori (-) da waƙafin sama (').

Turanci ba shi da wata hukuma guda da ke yanke hukunci a kan ƙa'idojinsa, saɓanin Faransanci da ke da majalisar harshe tun 1635. Abin da ake da shi littattafan salo ne na maɗaba'u da kafofin yaɗa labarai, irin na Jami'ar Oxford a Ingila, da na Jami'ar Chicago da ya fara fitowa a 1906, da na kamfanin dillancin labarai na Associated Press a Amurka. Waɗannan littattafai sun yi ittifaki a kan abubuwa da yawa, sun kuma saɓa a kan wasu. Saboda haka abin da mutane ke kira kuskure kashi biyu ne: akwai wanda yake karkatar da ma'ana ko ya rikita mai karatu, akwai kuma wanda bambancin salo ne kawai tsakanin wata maɗaba'a da wata. Rashin rarrabe waɗannan biyun ya sa ana yawan gyara wa mutane abin da ba su yi kuskure a kansa ba, a bar ainihin ɓarnar tana nan.

Asali

Tsofaffin Girkawa da Rumawa sukan yi rubutu a jere, babu tazara tsakanin kalmomi. Kimanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, wani malami a ɗakin karatu na Iskandariya mai suna Aristophanes ya ƙirƙiro ɗige-ɗige uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, don nuna wa mai karantawa a bainar jama'a tsawon numfashin da zai ja. Raba kalmomi da tazara ya yaɗu ne daga baya, musamman a hannun malaman coci na Ayilan a ƙarni na 7 da na 8. William Caxton, wanda ya kafa maɗaba'ar farko a Ingila a 1476, karkataccen layi (/) yake sanyawa a inda yau ake sa waƙafi. Siffar waƙafi ta zamani da waƙafi mai ruwa sun samu gindin zama ne a maɗaba'ar Aldus Manutius da ke birnin Benis na Italiya a shekarun 1490.

Wannan tarihi yana bayyana tushen kurakurai da dama. Da farko alamomin na kunne ne, suna bin numfashin mai magana. Sannu a hankali suka koma na ido, suna bin ginin jimla. Shawarar nan da ake ba ɗalibai cewa su sa waƙafi duk inda za su ja numfashi saura ce daga tsohon tsarin, kuma ita ce ke jefa mutane da yawa cikin kuskure, domin numfashin wani ba na wani ba ne.

Waƙafi

Babu alamar da ake wahalarwa kamar waƙafi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kaɗai, kamar a ce "The train was late, we missed the meeting." Kowane ɓangare jimla ce mai cin gashin kanta, waƙafi kuwa ba shi da ƙarfin riƙe su. Gyaran yana da hanyoyi uku: a sa aya a raba su, ko a sa waƙafi mai ruwa, ko a ƙara mahaɗi irin "so" ko "and" bayan waƙafin. Kalmomi irin "however" da "therefore" suna yaudarar mutane a nan, saboda suna kama da mahaɗi alhali ba su ba ne. Wanda ya rubuta "She applied, however she was not chosen" ya faɗa cikin kuskuren, domin waƙafi mai ruwa ake so kafin "however", waƙafi kuma a bayanta.

Na biyu shi ne raba aikau (mai yin aiki a jimla) da aikatau (kalmar aiki) da waƙafi. Wannan yakan faru idan aikau ya yi tsawo, mai rubutu ya ji kamar ya gaji: "The woman who runs the office on the third floor, is leaving." Waƙafin nan ba shi da gurbi, komai tsawon abin da ya gabace shi.

Inda waƙafi ya fi nuna nauyinsa shi ne wajen rarrabe bayanin da ke keɓe abu da bayanin da ƙari ne kawai. A duba waɗannan biyu: "The drivers who were tired stopped" da "The drivers, who were tired, stopped." Ta farko tana nufin direbobin da suka gaji su ne suka tsaya, sauran suka wuce. Ta biyu tana nufin dukkan direbobin sun tsaya, kuma dukkansu sun gaji. Kalmomi iri ɗaya, labari daban. A takardar yarjejeniya ko dokar ma'aikata wannan bambanci yana iya yanke wanda zai samu haƙƙi da wanda zai rasa. Irin wannan waƙafi tagwaye ne: idan an buɗe da ɗaya dole a rufe da ɗaya, kuma mantawa da na biyun kuskure ne da ake gani ko a manyan jaridu. Haka nan ana sa waƙafi kafin sunan wanda ake yi wa magana: "I know, James" magana ce ake yi da James, "I know James" kuwa labarin saninsa ake bayarwa.

Akwai kuma waƙafin da ake danganta wa Oxford, wato wanda ke zuwa kafin "and" ko "or" a ƙarshen jeri: "red, white, and blue." Maɗaba'ar Oxford da littafin Chicago suna sa shi, Associated Press da akasarin jaridun Birtaniya suna barinsa sai inda rashinsa zai kawo ruɗani. Wannan salo ne, babu mai laifi a ɓangarorin biyu. Amma akwai ranar da rashinsa ya yi tsada. A jihar Maine ta Amurka, direbobin kamfanin madara na Oakhurst sun kai ƙara suna neman kuɗin aikin ƙarin lokaci. Dokar jihar ta lissafa ayyukan da ba a biyan wannan kuɗi a kansu, jerin ya ƙare da "packing for shipment or distribution," babu waƙafi kafin "or". Kamfanin ya ce rarrabawa aiki ne dabam da dokar ta cire. Direbobin suka ce shirya kaya kawai ake nufi, su kuwa ba sa shirya kaya. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce dokar tana da harshen damo, ta karkata ga ma'aikatan, a 2018 aka sasanta a kan dala miliyan 5. Majalisar jihar ta sake rubuta jerin da waƙafi mai ruwa.

Waƙafin sama

Wannan alama ta shigo Turanci daga Faransanci a ƙarni na 16, kuma aikinta na asali shi ne nuna inda aka jefar da harafi, kamar a "don't" da "I'm". Daga baya aka ɗora mata aikin nuna mallaka, wanda ya samo asali daga ɗafa-ƙeyar "-es" ta tsohon Turanci. Ayyuka biyu a kan alama ɗaya, daga nan rikici ya taso.

Ƙa'idar mallaka ba ta da wuya. Idan mai abu ɗaya ne, alamar tana zuwa kafin "s": "the student's books." Idan suna da yawa kuma jam'in ya ƙare da "s", tana zuwa bayansa: "the students' books." Idan jam'in bai ƙare da "s" ba, a koma tsarin farko: "the children's books." Sunayen da suka ƙare da "s" su ne ake saɓani a kansu, wasu su rubuta "James's", wasu "James'", duka biyun karɓaɓɓu ne muddin an tsaya a kan ɗaya.

Babban tarko shi ne "its" da "it's". Ta biyu gajarta ce ta "it is" ko "it has", ta farko kuwa ita ce ta mallaka, kuma ba ta ɗaukar alamar, kamar yadda "his", "hers", "ours" da "theirs" ba sa ɗauka. Wanda ya yi kuskure a nan yana da uzuri, domin hankali yana ba shi cewa mallaka da waƙafin sama take tafiya, kuma har wajen farkon ƙarni na 19 masu ilimi da dama suna rubuta "it's" a matsayin mallaka. Duk da haka a yau edita ko mai ɗaukar ma'aikata ba ya yafe wannan. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a warware kalmar zuwa "it is", idan jimlar ta zauna daidai alamar tana da gurbi. Gwajin yana aiki ga "who's" da "whose", da "you're" da "your", da "they're" da "their".

Wani kuskuren shi ne sa alamar a jam'i zalla, irin "book's for sale." Ya yawaita a allunan shaguna a Birtaniya har aka laƙaba shi ga masu sayar da kayan lambu. Jam'i ba ya bukatar ta, ko da na shekaru ne ko gajerun sunaye: "1990s" da "DVDs" su ne aka fi yarda da su yanzu. Inda ake ɗaga ƙafa shi ne jam'in ƙananan haruffa, domin "i's" ba tare da alamar ba za ta koma "is".

Batun yana taɓa zuciyar Turawan Ingila ƙwarai. Wani tsohon ɗan jarida, John Richards, ya kafa ƙungiyar kare wannan alama a 2001. A 2009 majalisar birnin Birmingham ta yanke shawarar daina sa ta a allunan tituna, jama'a suka yi ta ce-ce-ku-ce. A Amurka kuwa hukumar sunayen wurare ta daɗe tana cire ta daga sunaye, sai 'yan tsiraru da aka bar wa, irin tsibirin Martha's Vineyard.

Alamar zancen wani

A nan Amurka da Birtaniya suka fi rabuwa. Amurkawa suna fara da alama mai baki biyu (" "), kuma suna shigar da aya da waƙafi cikinta ko da ba sa cikin zancen da aka ɗauko. Maɗaba'un Birtaniya da yawa suna fara da mai baki ɗaya (' '), suna barin aya a waje sai idan tana cikin asalin zancen. Tsarin Birtaniya ya fi dacewa da rubutun kwamfuta, inda aya guda da ta shiga cikin umarni ko kalmar sirri za ta iya lalata komai. Ayar tambaya a tsarin biyu tana bin ma'ana: tana ciki idan zancen da aka ɗauko ne tambayar, tana waje idan jimlar gaba ɗaya ce.

Kuskure na gaske shi ne amfani da alamar don ƙarfafa kalma. Mai shagon da ya rubuta "genuine" a tsakanin waɗannan alamomi yana son ya ce kayansa na ainihi ne, amma mai karanta Turanci zai fahimci akasin haka, domin kewaye kalma da su yana nuna shakku ko nesanta kai daga gare ta.

Karan ɗori da sauransu

Karan ɗori yana haɗa kalmomin da suka taru suka zama siffa ɗaya kafin suna. "Small-business owner" mai ƙaramar sana'a ne, "small business owner" na iya zama ɗan kasuwa mai ƙaramin jiki. Idan siffar ta zo bayan sunan akan bar shi: "a well-known writer" amma "the writer is well known." Ba a sa shi bayan kalmar bayanau (mai bayyana yadda abu yake ko ya faru) da ta ƙare da "-ly" irin "highly paid." Wani lokaci shi kaɗai ne ke raba kishiyoyi, domin "resign" ajiye aiki ne, "re-sign" sake sa hannu ne a ci gaba. Amfani da shi yana raguwa: a bugun 2007 na ƙaramin ƙamus ɗin Oxford an cire shi daga kalmomi kusan 16,000.

Ruwa biyu yana so cikakkiyar jimla ta gabace shi, don haka "The colours are: red and blue" ba ta bukatarsa. Ayar tambaya ta tambaya kai tsaye ce, ba a sa ta a ƙarshen labarin tambaya irin "She asked where he lived." Amurkawa suna rubuta "Mr." da "Dr." da aya, 'yan Birtaniya sukan bar ta. A lambobi waƙafi ke raba dubbai, aya ke raba ɓangaren da bai cika ɗaya ba, akasin Jamusanci.

Tazara da saƙon waya

A Turanci ba a barin tazara kafin aya, waƙafi, ruwa biyu ko ayar tambaya, ana barin guda ɗaya a bayansu. Waɗanda suka fara koyon Faransanci sukan kawo al'adar tazara kafin ayar tambaya da ruwa biyu, wadda daidai ce a can. Tazara biyu bayan aya gadon keken rubutu ce, wanda kowane harafinsa faɗi ɗaya yake ci. Manyan littattafan salo yanzu ɗaya suke so, kuma a 2020 manhajar Microsoft Word ta fara nuna biyun a matsayin kuskure.

Saƙon waya ya zo da nasa tsarin. Tun da tura saƙon kansa yana nuna an gama magana, aya ta rasa aikinta na asali ta ɗauki wani. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Binghamton ta jihar New York, wanda aka buga a 2016, ya gano cewa ɗalibai suna ɗaukar gajeriyar amsar da ta ƙare da aya a matsayin wadda ba ta fito daga zuci ba, alhali ba su ji haka ba da aka nuna musu amsar a rubutun hannu. Haka ɗigo uku, da tsofaffi ke sanyawa don raba tunani, matasa kan karanta shi a matsayin jan rai ko ɓacin rai. Alamar motsin rai kuwa ta zama ta nuna fara'a a wasiƙun ofis, har rashinta kan sa a zaci marubucin yana fushi, ko da yake a rahoto ko takardar neman aiki har yanzu ana son a taƙaita ta, kuma ba a jera biyu ko uku a wuri ɗaya.