Waiwaye: Tun yaushe aron waƙa ya daina zuwa da sunan mai ita?

Muhawarar nan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Duk sanda wani matashi ya ɗauko muryar tsohon makaɗi ya ɗora mata sabon kiɗa ya saki a TikTok, sai majalisu su rabu biyu, tun daga Samaru har Tudun Wada. Wasu su ce ya raya waƙar da ta kusa ɓata, wasu su ce sata ce da rana tsaka. Haka ake yi da mawaƙan fim masu ɗauko karin Indiya. Abin da ke damuna shi ne yadda kowane ɓangare ke magana kamar wayar hannu ce ta haifi lamarin.

Aro ba baƙo ba ne a Zazzau. Ishiriniyar da ake rerawa a wurin mauludi ta Alfazazi ce, wani malami daban ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti. A nan Zariya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya kwaso labaran Larabawa da na Turai da na Indiya ya sa musu riga da hula. Aliyu Namangi ya ɗauki karin kiɗan caji ya zuba masa wa'azi, Imfiraji ta fito. A 1958 ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don haɗa dabarun da Turawa ke koya musu da zanen gargajiyar garuruwansu. Duk wannan an sha faɗa.

Wanda ba a cika faɗa ba shi ne zuwan kaset.

Kafin kaset, in kana son karin wani makaɗi sai ka bi shi. Ka ɗauki ganga, ka yi amshi shekara da shekaru, kafin ya sallame ka. Ranar da ka buɗe baki a gidan biki, dattawan wurin sun san ɗan gidan wa ne kai, sanƙira ma zai faɗa. Marubutan waƙa kuwa al'adarsu ce su sa sunansu a baitocin ƙarshe, wani lokaci har da ramzi, wato haruffan da ke nuna shekarar da aka yi waƙar. Faifan garmaho yana zuwa da suna a buge, kuma ba mai iya kwafarsa a ɗaki. A rediyo, mai gabatarwa sai ya ambaci mai waƙa kafin ya sa ta.

A tsakiyar shekarun 1970, da kuɗi suka wadata a hannun ma'aikata, alhazai kuma suna dawowa da rikoda cikin tsaraba, sai ga na'urar da kowa zai iya ɗaukar murya da ita ya kuma kwafa. Na tuna yayana yana aike na kasuwar Sabon Gari da emtin kaset mai minti 90, ya ce, “Ka ce wa mai shago ya cika shi taf, kada ya bar fili.” Mai shagon na da rikoda mai baki biyu. Yakan tsallake maganar mai gabatarwa ta farko don kada ta ci wuri. In waƙa ta fi zaren tsawo, sai ta yanke a inda zaren ya ƙare, kuma ƙarshen nan shi ne inda mai waƙa kan faɗi ko shi wane ne. A jikin kwali sai ya rubuta da biro: “Bege”, ko “Indiya”, ko “Gargajiya”. Shi ke nan. Ba mugunta ba ce, neman abinci yake yi, mu ma abin da muka nema ke nan.

Kaset ya kawo wani abu kuma, wato maimaici. Wanda ya ga fim ɗin Indiya a silima sau ɗaya yake jin waƙa, sai abin da kunne ya riƙe, shi ya sa in ya zo rerawa dole ya cike giɓin da nasa. Mai kaset kuwa sai ya zura biro ya naɗe zare don tattalin batir, ya sake ji sau hamsin har ya haddace kowace lanƙwasa. A nan, a ganina, aro ya fara matsawa kusa da kwafi. Yara da yawa sun koyi waƙa a wurin malaman da ba su taɓa gani ba, ba su kuma san sunansu ba, balle su je neman izini ko albarka.

Saboda haka lokacin da fim ɗin bidiyo ya kankama a Kano bayan Turmin Danya na 1990, fiyano ta shiga ɗakunan ɗaukar waƙa, kunnuwa sun riga sun saba da karin da ba shi da uba. Faifan sidi ya zo, memori ya biyo baya, masu tura waƙa a bakin titi suka gaji mai rikoda, waƙa ta koma lamba a cikin waya. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1970, ta sake ta a 1988, an kuma sa hannu a sabuwa a 2023, amma doka da sunan mai abu take aiki, ga shi ɗimbin tsofaffin muryoyinmu sun iso mana ba suna.

A akwatin marigayi mahaifinmu akwai wani kaset da aka rubuta wa “Biki, cikin gari”. Muryar wata mata ce da kiɗan ƙwarya, mai daɗin da ke sa tsigar jiki tashi. Ɗan ƙanena ya roƙe ni in ba shi ya ɗora mata kiɗa. Na ce ya dakata. Na kai wa gwaggonmu a Kwarbai, ta saurara har sau biyu, ta ce ta san muryar, sun sha haɗuwa a gidan suna, amma sunan ya kwanta mata.