Dokar sa mai tunkuyi a darasin masu koyon aikin fasto

Tun daga 1924, lokacin da mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya fara aiki a Damagaram, Kiristocin wannan yanki suke karanta Attaura, kuma tambayar da ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki ke fara cin karo da ita ita ce wace doka ce ta hau kansa a yau. Fitowa 21:28-36 misali ne da ya dace da ƙasar kiwo irin tamu.

Dokar ta ce idan sa ya tunkuyi mutum har ya mutu, za a jejjefi san, ba za a ci namansa ba, mai shi kuma ba shi da laifi. Amma idan an san dabbar da wannan hali, an gargaɗi mai ita bai ɗaure ta ba, to alhakin jinin yana wuyansa, hukuncinsa kisa ne sai dai in an yanka masa diyya ya biya. In kuwa sa ne ya kashe ɗan'uwansa sa, a sayar da mai ran, a raba kuɗin da mushen daidai.

Malamai sukan ajiye wannan nassi kusa da dokokin Hammurabi, sarkin Babila, waɗanda aka tono a Susa, cikin ƙasar Iran ta yau, a 1901. Can ma akwai batun sa mai tunkuyi, sai dai azurfa kawai ake biya, ba a taɓa dabbar. A ganina nan ne darasin ya fi nauyi, domin Attaura ta ƙi mayar da ran mutum asarar dukiya kawai.

Tun zamanin Toma Akwinas, masanin tauhidin Kirista na ƙarni na 13, ake kasa shari'ar Musa uku: ta ɗabi'a, ta ibada, da ta zaman al'ummar Isra'ila. Dokar sa tana cikin kashi na uku, saboda haka babu faston da zai ce a jefe bijimin da ya ƙwace ya yi ɓarna a kasuwar Dole ta Damagaram. Wannan aikin mai unguwa ne da alƙali. Abin da ɗalibi zai ɗauka shi ne bambancin tsautsayi da ganganci. Wasu masana suna sukar rabon ukun, suna cewa Attaura ba ta jera dokokinta haka ba, kuma dokar Asabar ta shiga kashi fiye da ɗaya.