Gubar da ke biyo mu har tsakar gida

A shekarar 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, a Dareta da Yargalma da kewayensu. Yaro sai ya kama amai da jijjiga, iyaye su ce zazzaɓi ne. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF (Doctors Without Borders) suka shiga, aka gwada jini, sannan aka gane dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake ɓulla a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Yawancin yaran nan ba su taɓa shiga ramin zinariya ba, amma dutsen da ake haƙowa a can yana ɗauke da dalma. Dutsen ake kawowa gida a daka, a niƙa, ƙurarsa ta kwanta a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Wanda ya rayu kuwa, sau da yawa dalma kan bar masa tabo a ƙwaƙwalwa, karatu ya riƙa yi masa wuya, kuma wannan tabon ba ya gogewa. Shi ya sa nake roƙon mahaƙa da masu fasa tsohon batirin mota: ku yi wanka ku sauya kaya a wurin aiki kafin ku ɗauki 'ya'yanku. Iyaye mata, kwallin dutse ma yakan ƙunshi dalma, ku daina ranɓaɗa wa jarirai.

Fiya-fiya da Sniper maganin ƙwari ne na gona, kada a zuba su a buhun wake, kada a ɗura su a robar lemo inda yaro zai ɗauka ya sha. Janareta kuma waje ake kunna shi, nesa da taga, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari.

Wanda ya kamu da cuta a dalilin aikin kamfani yana da haƙƙi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, daga nan ake biyan magani da diyya. Amma akwai wa'adi: a sanar da mai aiki cikin kwana 14, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Ku je asibiti da wuri, ku faɗa wa likita irin aikin da kuke yi da abin da kuke shaƙa, ku adana takardar gwaji da kwalbar sinadarin, domin da su lauya zai kafa hujja.