Waiwaye: shugaban kirki na cikin labari, ba yau aka fara shi ba

Sati biyu kenan ana ta musu a guruf ɗinmu na WhatsApp, har maganar ta kai teburin mai shayi a Tudun Wada, kan wani labari da ake turowa kashi-kashi na wata ƙasa da babu ita a taswira, wai an samu shugaba ya sayar da motocin rakiyarsa ya haƙa rijiyoyin burtsatse da kuɗin, yana faɗawa asibiti cikin dare ba sanarwa, ɗan cikinsa ya taɓa kuɗin jama'a ya sa aka ɗaure shi. Wasu sun ce habaici ne mai kyau, mai kunne ya ji. Wasu sun ce maganin barci ne ake ɗura mana mu zauna jiran gawon shanu. Ni abin da ya dame ni shi ne duk ɓangarorin biyu suna magana kamar jiya aka ƙirƙiro wannan salon, alhali mu a Zariya ya kamata mu fi kowa sanin tarihinsa.

Na farkon dai kowa ya sani. Tatsuniyar gizo da sarki, wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa don ya ga halinsa da idonsa, rubuce-rubucen malaman jihadi kan adalcin mai mulki. Sai gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 da aka shirya daga nan Zariya ƙarƙashin Baturen jami'in ilimi Rupert East, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A yawancin waɗannan labaran sarkin kirki ba shi kaɗai yake ba, akwai waziri ko malami ko wata tsohuwa da za ta iya ce masa ranka ya daɗe nan fa an yi kuskure.

Inda nake so mu tsaya shi ne Samaru, a tsakiyar shekarun 1970, don shi ne ba a cika ambata ba. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo sosai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke can, wani malami Michael Etherton na cikin waɗanda suka kafa abin, aka gina wa malamai da ɗalibai dandali na ginin ƙasa irin namu na gida, yana nan har yau. To maimakon su tsaya a cikin jami'a sai suka fita ƙauye. A 1977 aka yi Wasan Manoma a yankin Soba, lokacin ana cikin shirin nan na ciyar da ƙasa da aka ƙaddamar a 1976, daga baya aka je Maska aka je Bomo. Ɗalibai za su je su zauna da mutane, su ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, taki ne, bashi ne, gona ce, ruwan sha ne, sai su haɗa wasa da Hausa a buɗaɗɗen fili ba labule ba tikiti. Da tafiya ta yi nisa sai salon ya koma ba a kawo wa mutane ƙarshen labari a dafe, ana kaiwa inda abu ya cuɗe sai a dakata a ce to jama'a yaya za a yi? Manomi ya miƙe ya ce ai ba haka ake yi ba, wani ya shiga fili ya karɓi matsayin ya nuna yadda shi zai yi.

Ku lura da abin da wannan ya yi wa shugaban kirki na cikin labari. Ya sauko da shi ƙasa. Ko da an sa mai unguwa adali a wasan, ba zai ɗaga hannu komai ya gyaru ba, dole ya zauna kan tabarma a ja da shi, kuma rabin mafitar daga bakin 'yan kallo take fitowa.

Kuma ba daga sama ɗaliban suka samo wannan ba, sun tarar da kalankuwa. Ina yaro kawuna ya taɓa kai ni kalankuwa a Bomo bayan an gama girbi, samari sun naɗa nasu sarki da gwamna da alƙali da 'yan sanda. Ba na mantawa da gwamnan, babbar rigar aro ce a jikinsa har tana jan ƙasa, ga baƙin tabarau, wata mai fura ta zo ta tsaya gabansa tana faɗa wai 'yan sandansa sun sha mata fura ba su biya ba, ya cire tabaran ya sa aka kirawo su suka biya a gaban kowa. Kawu ya dafa kaina ya ce, ɗana ka ga mulki kenan, wanda mai fura za ta iya tsare shi.

Bayan nan sai matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya shigo, fita ƙauye da mota da ɗalibai ya yi tsada, irin wannan wasan bai mutu ba amma bai zama ruwan dare ba. Daga 1990 finafinan bidiyo suka taso, yanzu kuma waya, kowa shi kaɗai da allonsa. Labari ya koma abin da ake miƙo maka a gama, kai naka kallo da tura wa wani. Shi ya sa shugaban kirki na yanzu ya zama shi kaɗai tilo, ba waziri, ba mai fura, talakawan cikin labarin aikinsu kawai kabbara da addu'a.

Jiya da daddare aka turo kashi na goma sha ɗaya. Shugaban ya kwanta rashin lafiya, jama'a sun cika ƙofar asibiti suna kuka, burtsatsen da ya haƙa sun fara lalacewa kuma duk ƙasar ba wanda ya san wa zai gyara. Na rubuta wa marubucin na ce ɗan'uwa don Allah ka dakata a nan, kar ka warkar da shi tukuna, ka bar mu a guruf mu faɗi yadda mutanen unguwa za su yi da famfon nan. Da safe na tarar mutum bakwai sun riga sun fara kawo shawara, har da wata baiwar Allah daga Kofar Doka da ta ce a fara da kwamitin mata masu ɗiban ruwa.