Mai raba ƙwallo a wasan ƙwallon kwando da batun gina ƙungiya a kansa

Mai raba ƙwallo shi ne ɗan wasan da ake danƙa wa ragamar kai hari a ƙwallon kwando. 'Yan wasa na ce masa "foyin gad", koci kuwa idan yana zana tsari a allo lamba 1 yake ba shi cikin gurabe 5 na ƙungiya. Shi ke ɗauko ƙwallo daga gida, ya tsallaka da ita rabin fili kafin daƙiƙa 8 su cika, ya faɗi dabarar da za a bi, sannan ya miƙa ta ga wanda ya fi samun sarari kafin wa'adin daƙiƙa 24 na jifa ya ƙare. Matsayinsa kamar na madugu ne a ayarin fatake: ba lallai ya fi kowa kaya ba, amma shi ya san hanya, shi ke cewa a tashi ko a yada zango. Galibi shi ne mafi gajarta cikin abokansa, kuma daga nan muhawarar ta samo tushe, wato ko ƙungiyar ƙwararru za ta iya ɗora komai a kansa ta ci kofi.

Abin da ake nufi da gina ƙungiya a kan mutum

A gasar NBA ta Amurka, mai ƙungiyoyi 30, akwai iyakar kuɗin albashi da aka shata wa kowace ƙungiya, kuma tauraro guda na iya lashe kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na wannan iyaka. Saboda haka babu mai iya tara zakaru ko'ina. Dole a zaɓi ginshiƙi ɗaya, a ba shi kaso mafi tsoka, a nemo masa koci da abokan da za su rufe masa inda ya gaza. Duk wanda ya ga ana ɗora soro ya san ba a fara ɗaurin guga sai an tabbatar da ƙarfin bangon da zai ɗauke shi. Idan aka yi kuskuren zaɓe, ƙungiya kan kwashe shekara 5 ko fiye tana biyan bashin kuskuren.

Zamanin dogaye

Tun da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a Springfield a 1891, kwando yana nan a tsayin mita 3.05, kuma wanda ya fi kusa da shi ya fi morarsa. George Mikan ya ci wa Lakers kofi 5 tsakanin 1949 da 1954. Bill Russell ya ci 11 cikin shekara 13 a Boston. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ya kai Houston ga kofi a 1994 da 1995, bayansa kuma Shaquille O'Neal da Tim Duncan suka karɓi zamani. Dalilin a bayyane yake. Dogo yana aiki a gefe biyu: yana ci daga gindin kwando, yana doke jifan abokin hamayya, yana cafe ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo. Gajere kuwa duk iyawarsa ba ya hana a ci daga ƙarƙashin kwando.

Manyan masu raba ƙwallo na farko ma sun ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. Bob Cousy ya shekara 8 a jere yana kan gaba wajen miƙa ƙwallon da aka ci, amma Boston ba ta ɗauki kofi ba sai a 1957, kakar da Russell ya zo. Oscar Robertson a kakar 1961 zuwa 1962 ya haura 10 a matsakaicin maki, da miƙawa, da cafe ƙwallo a kowane wasa, abin da ba a sake gani ba sai bayan shekara 55. Duk da haka kofinsa ɗaya tak, a 1971, bayan ya koma Milwaukee ya haɗu da dogon da daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar.

Magic da Isiah

Mutum biyu suka fara karya wannan ra'ayi a shekarun 1980, kuma kowannensu ta hanyarsa daban.

Magic Johnson mai raba ƙwallo ne a jikin dogo, tsayinsa mita 2.06. A wasa na 6 na ƙarshen gasar 1980, Kareem na gida da ciwon idon sawu, Magic yana ɗan shekara 20 ya fara wasan a gurbin santa, wato dogon da ke tsayawa gindin kwando, ya ci maki 42, ya cafe ƙwallo 15, ya miƙa 7, Lakers ta ɗauki kofi. Ya ƙara 4 a 1982, 1985, 1987 da 1988. Sai dai masu ja suna da hujja: mutumin da ke hango fili ta saman kan mai gadinsa, wanda zai iya juya masa baya ya tura shi har gindin kwando, ba shi ne ake nufi ba idan ana maganar rauni na gajere. Ga kuma Kareem da James Worthy a gefensa.

Isiah Thomas shi ne hujjar da ba ta da wannan kafa. Mita 1.85 ne, kuma babu dogon da ya fi shi daraja a Detroit. A wasa na 6 na ƙarshen gasar 1988 ya ci maki 25 a zango na 3 kaɗai alhali ya gurɗe a idon sawu. An doke su a wasa na 7, suka dawo suka ɗauki kofi a 1989 da 1990. Amma a dubi abin da koci Chuck Daly ya kewaye shi da shi: Joe Dumars mai gadi da jifa, Dennis Rodman da Bill Laimbeer masu tsaron gida da ƙarfin tsiya. Isiah ne kan gaba, bango kuwa na wasu ne. Wannan tsari shi ya yi ta maimaituwa a duk inda gajere ya ci nasara.

Waɗanda suka isa bakin rijiya

Jerin waɗanda suka kusa ba su sha ba ya fi tsawo, kuma a nan ne darasin yake. John Stockton ya shekara 19 a Utah, ya miƙa ƙwallo 15,806 da aka ci, ya sace 3,265, kuma har yau babu wanda ya kamo shi a ko ɗaya. Shi da Karl Malone sun mayar da dabara ɗaya sana'a: dogo ya tsaya ya tare wa mai gadin Stockton hanya, sannan ya zille zuwa kwando a jefa masa. Sun je wasan ƙarshe a 1997 da 1998, Chicago ta Michael Jordan ta tare su sau biyun. Jason Kidd ya kai New Jersey wasan ƙarshe a 2002 da 2003, bai samu kofi ba sai a 2011 a Dallas, yana da shekara 38, a ƙungiyar da aka gina a kan Dirk Nowitzki. Chris Paul ya kai Phoenix wasan ƙarshe a 2021, suka ci wasa 2 na farko, Milwaukee ta Giannis Antetokounmpo ta cinye 4 a jere.

Labarin Steve Nash ya fi kowanne nuna abin da mai raba ƙwallo ke iya yi da abin da ba ya iyawa. Phoenix ta ci wasa 29 kacal cikin 82 kafin ya zo a 2004. Kakar farko da shi, ƙarƙashin koci Mike D'Antoni, ta ci 62, kuma aka zaɓe shi gwarzon gasa a 2005 da 2006. Da wuya a samu wani gurbi da mutum ɗaya zai sauya ƙungiya haka cikin shekara guda. Amma Phoenix ba ta taɓa zuwa wasan ƙarshe da shi ba.

Dalilin yana cikin tsarin zagayen fitar da gwani. A can ƙungiya biyu ke ta haɗuwa har ɗaya ta ci wasa 4, don haka koci na da mako biyu yana nazarin mutum ɗaya. Zai sa dogo mai dogon hannu ya gaje shi, zai aiko mutum 2 su matse shi da zarar ya tsallaka rabin fili, idan kuma ƙwallo ta koma hannunsu sai su yi ta neman gajeren nan su kai hari ta kansa har ya gaji. Wanda sana'arsa miƙawa ce kawai, idan aka toshe abokansa aka ce masa "ci da kanka", sau da yawa nan ake ganin iyakarsa. Akwai kuma jiki. Derrick Rose ya zama gwarzon gasa a 2011 yana da shekara 22, mafi ƙuruciya a tarihi. A Afrilun 2012 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ginin Chicago ya tafi tare da ita. Wanda makaminsa gudu ne da juyi, gwiwa ɗaya ce tsakaninsa da zaman benci.

Yadda dokoki suka juya lamarin

A 1979 NBA ta shata layin maki 3, mai nisan mita 7.24 daga kwando ta gaba. An daɗe ana ɗaukarsa abin ado. A 2004 kuma aka tsananta hana mai gadi ɗora hannu a jikin mai ƙwallo a wajen da'ira. Waɗannan biyun suka buɗe wa gajere fili.

Stephen Curry, mai mita 1.88, wanda Golden State ta zaɓa na 7 a 2009, shi ya fi kowa cin moriyarsu. A kakar 2015 zuwa 2016 ya jefa ƙwallon maki 3 har 402, ƙungiyarsa ta ci wasa 73, kuma ya zama gwarzon gasa na farko da duk masu zaɓe suka haɗu a kansa, ko da yake Cleveland ta ƙwace kofin shekarar. Kofunansa 4 ne: 2015, 2017, 2018 da 2022. Abin lura shi ne Curry ba ya riƙe ƙwallo kamar Stockton. Yakan sake ta ya yi ta gudu, masu gadi 2 su bi shi don tsoron jifansa, Draymond Green ya karɓa ya tarar da mutum 4 a kan 3. Wato tsoronsa ne ke raba ƙwallon. Masu ja kan ce Kevin Durant ne gwarzon wasan ƙarshe a 2017 da 2018, kuma gaskiya ne. Kofin 2022 ya amsa musu, domin Durant ya riga ya tafi, Curry ne ya karɓi kyautar.

A 2025 kuwa ƙungiyoyi biyun da suka je wasan ƙarshe duka a kan mai raba ƙwallo aka gina su. Oklahoma City ta Shai Gilgeous-Alexander, mai mita 1.98, ta ci wasa 68 a kakar, shi ya fi kowa maki, shi ne gwarzon gasa da na wasan ƙarshe, bayansa kuma ga tsaron da ya fi na kowa a gasar. Indiana ta Tyrese Haliburton ta ja su har wasa na 7, inda agararsa ta tsinke tun a zangon farko, Oklahoma City ta ɗauki kofi. Wasa ɗaya ya nuna fuska biyun lamarin.

Idan aka haɗa wannan tarihi, amsar ita ce ana iyawa, bisa sharaɗi. Duk mai raba ƙwallon da aka gina ƙungiya a kansa ta ci kofi, ko dai dogo ne, ko kuwa mai ci ne da kansa wanda ba a iya barinsa da mai gadi ɗaya, kuma kowannensu yana da masu tsaron gida na gaske. Gurbin ma ya fara narkewa: Nikola Jokić, santa ne, amma shi ke raba wa Denver ƙwallo lokacin da ta ci kofin 2023.

A ƙasar Kano da Jigawa

A ƙauyukanmu ƙwallon ƙafa ce sarauniyar gidan kallo. Wasannin NBA suna faɗowa ne tsakar dare zuwa asuba a agogon Najeriya, don haka saurayi a Gumel ko Rano ko Birnin Kudu ya fi ganin gutsattsarinsu a waya da safe, kuma gutsattsarin jifan nesa da yanka suke nunawa, ba sa nuna wanda ya tare hanya ko ya tsare gida. Shi ya sa yaro ke shiga fili yana son zama Curry tun bai iya buga ƙwallo da hagu ba. Filayen da ake da su galibi na siminti ne a makarantun kwana da manyan makarantu, wanda ya yi fice kuma hanyarsa birni ce, inda Kano Pillars ta ƙwallon kwando take, ƙungiyar da ta sha ɗaukar kofin ƙasa.

A wannan mataki lissafin ya sha bamban da na ƙwararru, kuma a ganina ya fi karkata ga mai raba ƙwallo. Dogo mai mita 2 ba kullum ake samunsa a makaranta ba, ko an samu ma, idan babu mai tsallako da ƙwallo ya miƙa masa, sai ya wuni a gindin kwando hannu a sama. Yawancin wasannin makarantu ɓarar da ƙwallo ke kashe su, ba rashin tsayi ba. Malamin wasanni da ke da yaro ɗaya mai natsuwa, wanda ke ɗaga kai yana buga ƙwallo, ya fi samun ƙungiya a kan wanda ke da dogaye 3 marasa jagora.

Akwai misali a gida ma. Ezinne Kalu, mai raba wa D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, ƙwallo, ita ce gwarzuwar gasar Afirka ta mata a 2019. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, ƙarƙashin koci Rena Wakama, ita ce kan gaba lokacin da Najeriya ta doke Ostireliya da Kanada, ta zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan 8. Sun yi hakan ne da matsa wa abokan hamayya lamba tun daga rabin fili, suna ƙwace ƙwallo suna miƙa wa Kalu.