Tsohon ɗakin dutse na bayan gida: amsoshi kan daɓe, silin da katakon rufi

Tambayoyin nan kullum su ne dai, baki ne kawai ke canjawa. Yawanci daga mutanen Jos, Bukuru da Barikin Ladi suke zuwa, waɗanda suka gada ko suka sayi gida mai tsohon sito ko boskwata na dutse tun zamanin da Turawa ke haƙar kuza. Wasu kuma daga Zariya da Bauchi, masu ɗakin da aka ɗora dutse da laka aka rufe da azara. Na tara amsoshin wuri guda. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a sake kirana.

Daga ina zan fara?

Daga sama. In rufi na yoyo, duk abin da ka yi a ƙasa asarar kuɗi ce. Rufi, sai hanyar ruwa, sai katako, sai bango, daɓe ne na ƙarshe.

Silin ya yi tabo ya ɗan lotsa. In shafa fenti ya isa?

Bai isa ba. Tabo shaidar ruwa ce, lotsawa kuma ko ruwa ne ya jiƙa allon ko gara ta cinye katakon da ke riƙe da shi. A cire allo ɗaya a leƙa da tocila.

To in sa yara su farfasa tsohon silin ɗin su kwashe?

Kada ka kuskura, Alhaji. Wannan abu yana ɓata mini rai matuƙa. Yawancin farin allon silin mai tauri da aka riƙa kafawa a gidajen ƙasar nan shekaru da dama da suka wuce akwai asbestos a cikinsa, wani ma'adini mai zare-zare da ake cakuɗawa a kayan gini, haka ma wasu kwanonin rufi masu kama da siminti. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Fasa shi, ko yanka shi da zarto, ko share garinsa da tsintsiya shi ne ke tayar da ƙurar da ke maƙalewa a huhu, kuma cutar da take jawowa, har da ciwon daji, sai bayan shekara 20 zuwa 40 take bayyana. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya tun 1999. Yaron da ka ba ladan ɗan kuɗin abinci yau, shi zai kwashi ciwon yana magidanci.

A yayyafa masa ruwa ya jiƙe, a zare ƙusoshin a hankali, a sauke allo ɗaya-ɗaya ba tare da karyawa ba, a naɗe a leda mai kauri. Masu aiki su sa takunkumi na gaske mai tace ƙura, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tsare komai a nan. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a ba kowa guntayen ya rufe akurkin kaji da su.

Yaya zan gane katako ko azarar da ta mutu?

Ido ba ya ganewa. Gara daga ciki take ci, ta bar maka ɓawo mai kyan gani. Ka ɗauki guduma ka ƙwanƙwasa daga wannan kai zuwa wancan: mai rai ƙararsa a dunƙule take, matacce kuwa sai ka ji fanko. Sannan ka sami ƙusa mai inci 6 ka soka da ƙarfin hannunka. In ta tsaya a baki, lafiya. In ta nutse, ka ga gari na zubowa ko jar ƙasa a ciki, an gama da shi.

Amma wurin da kowa ke tsallakewa shi ne kan katakon da ya shige cikin bango. Nan danshi ke taruwa, nan ruɓa ke farawa. Na sha ganin katako mai ƙyalli a tsakiyar ɗaki, da aka cire dutse biyu a gefensa sai ga kan ya zama baƙi, yana marmashewa a hannu, abin da ke zaune a kan bango bai kai faɗin yatsa uku ba. Ka sa magini ya buɗe kowane kai, ɗaya bayan ɗaya. In kai kaɗai ya lalace, sauran jikin garau, kafinta mai hankali zai iya yanke ruɓaɓɓen wurin ya haɗa sabon katako ta gefe biyu da noti. Ba dole ne a zubar da shi duka ba, kwantar da hankalinka. Tsohon katakon da ya bushe shekara da shekaru ya fi ɗanyen da za ka sayo a kasuwa yau.

Wani lokaci maimakon katako za ka tarar da ƙarfen dogo. Ƙaramin layin jirgi daga Zariya ya iso Jos a 1914, aka rufe shi a 1957, kuma tsofaffin ƙarafan jirgi sun shiga gine-gine da yawa. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga dutsen da ke kewaye da shi. Ka duba ko tsagar bangonka daga kan ƙarfen ta taso.

Baƙin mai yana maganin gara?

Yana ɗan korar ta na wani lokaci, ba ya kashe gidanta. Ga wari, ga kama wuta. Ka sayi maganin katako na gaske irin su Solignum, a shafa kafin a ɗora, musamman a kawunan da aka yanka. Sannan a nemo inda garar ke fitowa.

Zan iya zuba jaman fulo, wato daɓen kankare, in ɗora tayil?

Nan ne ba zan ba ka amsar e ko a'a ba, kuma duk wanda ya ba ka ita ta waya bai ga ɗakin ba, ka yi hattara da shi. Ya danganta da abubuwa da dama, sai ka bi ni a hankali.

Da farko, da me aka ɗora duwatsun? Ka kankare tsakaninsu da wuƙa, ka wuce shafen waje ka shiga ciki sosai. In ka tarar da siminti mai tauri har ciki, kuma bangon a bushe yake ko da damina, to kankare da leda a ƙarƙashinsa mai yiwuwa ba zai cutar da kai ba. In kuwa laka ce ko farar ƙasa, magana ta canja. Tsohon daɓe yana barin danshin ƙasa ya fita ta duk faɗin ɗakin a hankali, ba ka ma lura. Ranar da ka shimfiɗa leda ka zuba kankare, ka toshe wannan hanya, danshin kuwa yana nan, sai ya nemi gefe, ya hau gindin bango. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ka ga kanwa ta fito fari-fari daga ƙasa zuwa gwiwa, laka tana laushi tsakanin duwatsu, gara kuma ta sami abin da take so. Ba kowane ɗaki hakan ke faruwa da shi ba. Wanda ke kan tudu ko kan fa, ruwa na gangarewa nesa da shi, yakan tsira. Wanda ke kwari, da wuya. Kuma Jos tana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, saboda haka abin da ɗan'uwanka ya yi a Damagaram ya zauna lafiya ba lallai ya yi maka ba.

Akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. Cikin Agusta ka shimfiɗa leda mai faɗin mita ɗaya a ƙasan ɗakin, ka danne gefunanta sosai, ka bar ta kwana biyu ko uku. In ka ɗaga ka ga raɓa a ƙarƙashi kuma ƙasar ta yi duhu, danshi na tasowa. Gwajin rani ba ya nuna komai.

Na biyu, zurfin fandisho. Wannan ya fi ba ni tsoro. Jaman fulo mai kyau yana son tsakuwa santimita 10 zuwa 15, da kankare kamar santimita 10 a kai. Ka ga an haƙa santimita 20 zuwa 25 ke nan. Irin waɗannan ƙananan gine-gine sau da yawa gindinsu bai yi zurfi ba, wasu layin dutse biyu ko uku ne kawai a cikin ƙasa. In leburori suka haƙa ƙasa da gindin bango ko'ina a lokaci guda, sun zare masa kujera. Ka haƙa ɗan rami ɗaya a kusurwa tukuna ka gani. In gindin gajere ne, gara ka ɗaga daɓen sama da ka haƙa ƙasa, in tsayin ƙofa ya yarda. In bai yarda ba, to a rage kauri, ko a bar tazara a jikin bango ba a haƙa ba.

Na uku, me za ka yi da ɗakin? In janareto za ka ajiye ko injin niƙa, kankare ya zama dole a wurin da zai zauna, amma ana iya zuba shi a tsakiya kawai a bar kamar taƙi ɗaya a kewayen bango a cika da tsakuwa, don danshi ya sami mafita. Wannan tazara ita ma tana da nata aibin, gara na iya bi ta nan, sai dai za ka ga hanyarta da ido ka kashe. In ɗakin kwana ne ko na ajiyar hatsi, ni na fi son jan bulo da aka gasa ko faffaɗan dutse a jera a kan yashi, yashin a kan tsakuwa. In kana da masu iyawa, daɓen gargajiya ma bai tsufa ba: marmara da tsakuwa a yi ta bugu da madaɓi, ana yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ya yi tauri ya yi ja. Gaskiya yana son a riƙa sabunta shi, kuma matan da suka iya aikin sun yi ƙaranci a birni, sai an nemo su daga ƙauye. Tayil kuwa, a ɗakin da gwajin leda ya nuna danshi, ban ba ka shawara ba.

Kafin duk wannan, ka fita waje ka duba. Sau da yawa ƙasar tsakar gida ta taru shekara da shekaru har ta fi cikin ɗakin tudu. A kwashe ta, cikin ɗaki ya fi waje da aƙalla santimita 15, a yi lambatu ruwa ya bi. Wani ɗakin wannan kaɗai ke busar da shi, sauran tambayar ta zo da sauƙi.

In cire rufin ƙasa in zuba dekin?

A kan bangon dutse da laka? Sai injiniya ya zo ya gani da idonsa. Kankare mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita. Birkila ba shi ne mai yanke wannan hukunci ba, ni ma ba ta waya ba.

Me ya sa azara ta lanƙwashe alhali gara ba ta ci ta ba?

Nauyi. Kowace shekara ana ƙara yaɓe a kan rufi, ba a kankare na bara, har ƙasar ta ninka yadda magini na farko ya bar ta. A rage ta.

Sannan azara tana da iyaka. Gara ba ta cika damunta ba, musamman ta namijin giginya, amma ba ta son a ɗora mata rufin ƙasa a faɗin da ya wuce wajen mita 1.8 babu mai tallafa mata. Magina na da sun san haka sarai, shi ya sa suke fito da azara daga bango hawa-hawa don rage tazara, ko su yi bakan gizo, ko ɗaurin guga, wato ginin baka mai tallafe rufin. Wanda ke Jos ya je gidan tarihi, sashen gine-ginen gargajiya, ya ga kwafin Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, ya ɗaga kai ya kalli yadda aka jera ta. In wani ya rushe bangon tsakiya a ɗakinka don a sami fili, ga dalilin lanƙwashewar nan. A mayar da ginshiƙi.

Silin na roba (PVC) ko na farin filasta (POP)?

Kowanne, in rufi ya daina yoyo. POP ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Ko wanne ka sa, a bar ƙofar leƙawa da hujin iska mai raga. In azara ce mai kyan jeri, me ya sa za ka ɓoye ta?

Bangon fa, in yi masa filasta da siminti?

Wanda aka ɗora da laka, a'a. Siminti ya fi ginin tauri, zai tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. A cike tsakanin duwatsu da irin abin da aka gina shi da shi, ko farar ƙasa kashi 1 da yashi kashi 3. Tana jinkirin kamawa, kuma iskar hunturu na busar da ita kafin ta yi ƙarfi, don haka a rufe da jiƙaƙƙen buhu na wasu kwanaki.

Akwai kashin jemage cike da saman silin.

A jiƙa shi kafin a kwashe, a sa takunkumi, ƙurarsa na kawo ciwon huhu. A toshe hujin da daddare bayan sun fita kiwo.

Nawa aikin zai ci?

Ban ga ɗakin ba. Ko nawa aka ce maka, ka ajiye ƙari a gefe, don sai an buɗe ake ganin ainihin ɓarnar.

Yaushe ya fi dacewa?

A duba da damina, a yi aiki da rani. Kada a buɗe rufi bayan Maris a Filato, ruwan farko na Afrilu ba ya sallama.

Kafinta ya ce zai zare tsohon katako ya sa sabo cikin minti goma, ba sai an tokare ba.

Ka sallame shi. Ba a taɓa katako ko azarar da ke ɗauke da nauyi sai an kafa matokarai ta gefe biyu, kowanne zaune a kan faffaɗan falanki don kada ya nutse a ƙasa, an buga masa weji ya kama sosai. Katakon tubaifo (mai inci 2 da 4) ɗaya a tsaye ba tokari ba ne a ƙarƙashin rufin ƙasa. Ɗaya ake canjawa, a tabbatar ya zauna, sannan a koma na gaba. Kan sabon ya hau bango da aƙalla santimita 15, a kan shimfiɗaɗɗen dutse, a bar masa 'yar tazara a gefe don iska, kada a cusa shi cikin siminti. Kuma ranar da ake wannan aiki, Hajiya ta kwashe yara daga bayan gida gaba ɗaya, a ɗaure awaki a wani wuri.