Kwamfutar babban aiki a Maradi: tambayoyin masu saye

Masu zanen gini, masu awon filaye da samarin da ke haɗa bidiyon biki su ne suka fi tare ni da waɗannan tambayoyi, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya.

Malam, me ya raba ta da kwamfutar da muka saba gani a ofis?

An ƙera ta ne don ta wuni ta kwana tana jan kaya mai nauyi. Irinsu Dell Precision, HP Z da ThinkStation na Lenovo. Galibi furosesarta, wato ƙwaƙwalwar na'urar, Xeon ce ta Intel ko Threadripper Pro ta AMD, RAM ɗinta kuma, wato inda take riƙe aikin da take kan yi, irin ECC ne, mai gyara ƙananan kurakurai da kansa. Katin hotonta yawanci na NVIDIA ne, wanda a da ake kira Quadro. In aikinka buga takardu ne da lissafin shago, ka bar ta, za ta ci maka kuɗi da wuta a banza.

Ana samunta a nan garin?

Sabuwa fil a kwali sai dai a yi oda a jira. Abin da ya fi zuwa hannunmu na hannu ne, wanda ofisoshin Turai da Amurka suka sauke. Wasu na biyowa ta Yamai, wasu ta Kano, su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kwantenar da a da ke sauka Kwatano sai ta zagaya ta Lome da Burkina Faso, kuma tsawon hanya a kan mai saye yake ƙarewa. RAM ma ya yi tashin gwauron zabi a duniya daga ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawushe shi.

In ta Kano ta zo, duba allon rubutu. Nasu QWERTY ne, mu kuwa hannunmu ya saba da AZERTY na Faransanci. Kan wayar wutar ma mai ƙafa uku ne irin na Ingila, sai ka canza.

An ce wadda ta fi yawan kor ita ta fi gudu. Haka ne?

A nan ne mutane ke faɗawa rami. Kor kamar leburori ne a cikin furosesa. Akwai aikin da za a raba wa leburori ashirin, kamar fitar da bidiyo bayan an gama haɗa shi. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ne ke yi, sauran na zaune suna kallo. AutoCAD, manhajar zanen gini, yawancin aikinsa a kan kor ɗaya yake, don haka saurin kor ɗin ne abin dubawa.

Wani ƙanena ya kinkimo ƙatuwar na'ura mai Xeon biyu, sai da mutum biyu suka sauke ta daga mota. Ya kunna, ya buɗe zane, ta tsaya tana tunani. Da muka kwance murfin sai ga tsohon faifai mai juyawa a ciki. Irin wannan da ƙyar yake kai megabait 200 a daƙiƙa. SSD, wato faifan zamani mara juyawa, na SATA yana kai kusan 550, na NVMe kuwa ya haura 3000. Faifan kawai muka canza, ya ce kamar an sauya masa na'ura. Ni a ganina, kuɗin da za ka zuba a kor ɗin da ba za ka mora ba, gara ka sa shi a SSD da RAM mai gigabait 32.

Me ya sa take gudu da safe, da azahar ta rage gudu?

Zafi ne. Furosesa in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da garin ke haura digiri 40, iskar da fanka ke ja ma mai zafi ce. Ga ƙurar hunturu: ka buɗe na'urar da ta shekara ba a taɓa ba, za ka tarar ƙura ta daskare a jikin ƙarfen sanyaya kamar bargo. A hure ta duk bayan 'yan watanni, a ɗaga ta daga ƙasa, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen.

Wuta fa?

HP Z440 tana zuwa da akwatin wuta na wat 525 ko 700. Ƙaramin ondular na ofis, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, ba lalle ya riƙe ta ba in tana tsakiyar aiki, sai ka nemi wanda ya fi ƙarfinta. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar. Mai aiki da sola ko wanda ke yawan fita daji awo, gara ya nemi ta tafi-da-gidanka irin ZBook ko Precision. Ba ta kai ta tebur jurewa ba, amma batirinta ya isa ka adana aikinka in an ɗauke wuta.

Tsohuwa za ta ɗauki Windows 11?

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 na neman TPM 2.0, wani guntun tsaro da ke cikin na'ura, da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, ko makamanciyarta. Z440, da ta fito a 2014, ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ke karɓa. Masu gyara suna da dabarar cusa shi, amma ba tabbas zai ci gaba da samun sabuntawa. Ka sa mai shago ya kunna ta a gabanka, ka karanta lambar furosesar da idonka kafin ku fara ciniki.